Ba Duk Nukiliya Ce Bam Ba

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke bakin murhu, da wadda ta samu ta ɗan kishingiɗa bayan yara sun tafi makaranta, duk ina gaishe ku. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Batsari da Ruma da Wagini, da na Safana da Runka da Zakka. Yaya muka ji da haƙurin zama? Allah ya kawo mana sauƙi.

Maganar da za mu yi yau, na san wata tana jin sunanta za ta ce, "Ina ruwan biri da gada? Mu da wutar lantarki ma sai mu yi sati ba mu gan ta ba, me ya haɗa mu da nukiliya?" Ki yi haƙuri ki saurara, uwargida. Abin da ya jawo maganar a cikin ɗakunanmu yake.

Wata baiwar Allah ce daga Runka ta sa ɗanta ya rubuto mana, ta ce a sakaya sunanta. Yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, aka gano tana da ciwon daji a mama. An yi mata aiki, likita ya ce saura gashi, wato a riƙa sa ta a na'ura ana haska wurin na 'yan makonni, don a kashe ragowar ciwon. Da suka dawo gida sai wani ɗan uwan maigidan, irin mutanen nan da ba sa rabo da rediyo, ya ce ai wannan na'ura nukiliya ce, irin abin da ake ta rigima a kansa tsakanin Amurka da Iran, irin wanda ake haɗa bam da shi. Kafin ki ce kwabo magana ta zagaye gida. Abokiyar zamanta ta ce in dai aka yi mata gashin nan ba za ta ƙara cin girkinta ba, 'ya'yanta ma ba za su kwana a ɗakinta ba. Maigida ya ce a dakata tukuna. Yau wata biyu ke nan ana dakatawa. Shi ne ƙanwar take tambaya: shin gaskiya ne wanda aka yi wa gashi jikinsa yana zama guba?

Amsar a gajarce ita ce, ba gaskiya ba ne. Amma na san in na tsaya a nan, gobe wani zai zo da tasa maganar ya rushe tawa. Gara mu bi abin tun daga tushe, yadda ke ma za ki iya yi wa wani bayani.

Tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba. A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bam biyu a biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan, mutane fiye da 100,000 suka hallaka. Da wannan bala'i duniya ta fara jin sunan nukiliya, mu kuma Hausawa muka raɗa wa abin suna, makamin ƙare-dangi. Abin ma ya taɓa matso mu. A watan Fabrairu na 1960 Faransa ta fara gwajin nata bam ɗin a cikin hamadar Sahara, kusa da wani gari mai suna Reggane a Aljeriya. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi, domin daga can iskar hunturu take taso mana da ƙura. Da Faransa ta ƙi dainawa, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a watan Janairu na 1961, ƙasarmu tana da wata uku kacal da samun 'yanci. Saboda haka duk tsohon da ya ce miki nukiliya masifa ce, yana da hujjarsa. Inda aka samu kuskure shi ne da aka haɗa bam da tashar lantarki da na'urar asibiti aka zuba su a kwando ɗaya.

To, mece ce nukiliyar? Duk abin da kike gani, dutse ne, ruwa ne, jikinki ne, an gina shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayar zarra. Akwai wani ma'adini mai nauyi da ake haƙowa a ƙasa, sunansa yuraniyom. Shi in aka fasa ƙwayarsa, sai ta saki zafi mai yawa, tare da wani irin haske da ba a gani amma yana ratsa jiki. Wannan hasken shi Turawa ke kira radiyeshin. Mu a shirin nan bari mu ce masa tiriri.

Yanzu ki ɗauka kina da dawa mudu ɗaya, amma a cikin kowace ƙwaya 100 bai fi ɗaya ce ja ba, kuma jar ita ake nema. Haka yuraniyom yake in an haƙo shi: mai fashewar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an yi ta tacewa ana tara shi. Wanda za a ba da wutar lantarki da shi, ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, shi ke nan. Wanda za a yi bam da shi kuwa sai ya kai wajen kashi 90. Rigimar da kike ji a labarai tsakanin Iran da manyan ƙasashe, yawanci a kan wannan tacewar ce: ina za a tsaya? Shi ya sa tashar lantarki ta nukiliya ba ta iya tashi irin tashin bam, ko da an so, domin abin da ke cikinta bai yi kaurin da zai yi haka ba. Tana iya yin hatsari, za mu zo kansa, amma hatsarinta daban, bam daban.

Ita tashar kuwa, kada sunanta ya ruɗe ki, babbar tukunya ce. Kin ga yadda in ruwa ya tafasa tururi ke ɗaga murfi? To zafin yuraniyom ne ke tafasa ruwa, tururin ya juya wata ƙatuwar farfela, farfela ta juya janareta, wuta ta fito. A tashar Egbin da ke Legas ma tafasa ruwan ake yi, sai dai su da gas suke hura tukunyarsu. A Kainji da Shiroro kuwa ƙarfin ruwan kogi ne ke juya farfelar. Wutar da ta biyo waya duk iri ɗaya ce. Waya ba ta ɗauko tiriri, ƙwan fitila ba ya fesa guba, ruwan firji ba ya lalacewa. Farin abin nan ma da kike gani a talabijin yana tashi daga dogayen gine-ginen tashar, wanda ake cewa hayaƙin guba ne, tururin ruwa ne kawai. Faransa wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya take samu, matansu kuma suna girki da ita suna guga.

A nahiyarmu ta Afirka, tasha ɗaya ce tak ke ba da wuta ta wannan hanya, ita ce ta Koeberg a Afirka ta Kudu, tun 1984. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022 tare da Rasha, tukunya huɗu, waɗanda in an gama za su ba da megawat 4,800, kusan abin da Nijeriya gaba ɗaya ke rabawa a rana mai kyau. Mu a nan an sha sa hannu a takardu da Rasha, har an ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Jihar Akwa Ibom, amma ba a gina komai ba. Wutar da ake kawo mana Batsari da Safana, in an kawo, babu ɗigon nukiliya a cikinta.

Sai dai ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai tukunyar nukiliya a ƙasar Hausa, a Zariya ma kuwa. Tana wata cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, 'yan Sin ne suka ƙera ta, ta fara aiki a 2004. 'Yar ƙarama ce, zafin da take bayarwa bai wuce na dutsen guga na lantarki 30 da ɗoriya ba, kuma ba ta ba kowa wuta. Aikinta gwaji ne: a kawo ƙasar gona, ko dutsen ma'adini, ko abinci, a gano abin da ke ciki, a kuma koyar da ɗalibai. Da farko da yuraniyom mai kauri take aiki, to a 2018 aka canza mata zuwa marar kauri, aka ɗauke wancan a jirgin sama aka mayar ƙasar Sin, don kada ya faɗa hannun ɓata-gari. Fiye da shekara 20 ke nan tana nan, mutanen Samaru suna aure suna haihuwa suna cin kasuwarsu.

Kuma shi tiririn nan, ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da aka yi duniya akwai shi kaɗan-kaɗan a ko'ina. Yana saukowa daga sama, yana fitowa daga ƙasa da duwatsu, har da waɗannan duwatsun da kike hange a Safana da Dutsin-Ma. Akwai ɗan kaɗan a cikin wake da ayaba da dankali, akwai a jikina, akwai a jikinki. Bai hana kakanninmu tsufa ba. Abin dubawa shi ne yawa, kamar gishiri a miya. Hoton ƙirji guda ɗaya da ake ɗauka a asibiti, tiririn da ke cikinsa bai fi wanda jikinki ke sha a kwana 10 kina zaune a ɗakinki ba. Sikanin da ake yi wa mai ciki kuwa, wanda ake shafa wani abu mai yauƙi a ciki a ɗora na'ura, shi babu tiriri a cikinsa ko kaɗan, da sauti yake aiki. Na sha jin mata na cewa yana dafa ɗan tayi. Ba ya dafa komai, Hajiya, ki je awonki. Hoton ƙashi ko na ƙirji ne in za a yi miki, kina da ciki ko kina zaton kina da shi, sai ki faɗa musu tun kafin a fara, kada kunya ta hana ki.

To kada wata ta ce yau na zo tallar nukiliya. Akwai inda tsoron yake da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. A watan Afrilu na 1986 tukunya ɗaya ta tashar Chernobyl, a ƙasar Yukren ta yanzu, ta fashe saboda rashin ingancin ƙira da gangancin ma'aikata. Wajen mutum 30, ma'aikata da 'yan kwana-kwana, suka mutu a watannin farko, aka kwashe fiye da mutum 100,000 daga gidajensu, daga baya dubban yaran da suka sha madarar shanun yankin suka kamu da dajin maƙogwaro. A 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar Fukushima a Japan. Dubban da suka mutu a ranar ruwa ne ya ci su, amma tashar ta sa fiye da mutum 150,000 barin gida, mu kuwa a wannan yanki ba sai an gaya mana ciwon barin gida ba. Sannan ga tokar da ke saura bayan an gama amfani da yuraniyom, wadda ke ɗaukar dubban shekaru tana da haɗari. Ƙasar Finland sai da ta haƙa rami mai zurfin fiye da mita 400 a cikin dutse don ajiye tata. Ni dai a nawa ganin, ƙasar da taransifoma zai ƙone a yi wata shida ana karo-karo kafin a gyara, in ta ce za ta gina irin wannan tasha, talaka yana da damar ya tambaya: wa zai kula da ita, kuma ina za a kai tokar?

Wanda ya fi kusa da mu ma yana nan arewa da mu, a Jamhuriyar Nijar. Da yawa a cikinmu mazajenmu ko 'yan uwanmu sun taɓa zuwa ci-rani Agadas ko Arlit. A Arlit ɗin nan aka fara haƙar yuraniyom a 1971, kamfanonin Faransa suka yi shekaru suna kwasa suna kaiwa ƙasarsu. Ɗaya mahaƙar, ta Akouta, an rufe ta a 2021, ɗayar kuma gwamnatin Nijar ta karɓe ta a 2025. Abin da aka bar wa mutanen garin shi ne tsaunukan dusar ma'adini, miliyoyin tan, iska na kaɗa ƙurarsu. Masu binciken da suka je can a 2003 da 2009 sun samu tsofaffin ƙarafan mahaƙar, masu ɗauke da tiriri, ana sayarwa a kasuwa, mutane na saye suna aikin gida da su. Abin takaici, ƙasar da ma'adininta ya haska biranen Turai, ita kanta daga Nijeriya ta daɗe tana sayen wani kaso na wutarta.

Maganar ƙarafan nan ina so ki riƙe ta, domin ta shafe mu kai tsaye. A 1987, a wani birni mai suna Goiania a ƙasar Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe suka shiga wani asibiti da aka daina amfani da shi, suka ɗauko wani ɓangare na tsohuwar na'urar gashi, suka sayar wa ɗan gwangwan. Da aka fasa sai aka ga wani gari mai ƙyalli shuɗi a cikin duhu. Mutumin ya kai gida, ya rarraba wa 'yan uwa don sha'awa, wata yarinya 'yar shekara 6 ta shafa a hannu ta ci abinci. Mutum 4 suka mutu, har da yarinyar, kusan 250 kuma abin ya taɓa su. Mu ma yaranmu suna yawon jari-bola, suna shigo mana da tarkace mu ajiye a bayan ɗaki sai ɗan gwangwan ya zo. To ki san alamar: zane ne kamar fanka mai fikafikai uku, baƙi ko ja-ja, a kan rawaya. Duk ƙarfen da kika ga wannan alama a jikinsa, ko wani dunƙulen ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, rufaffe, wanda ba a san asalinsa ba, kada a fasa, kada a kai ɗaki. A nisanta yara, maigida ya sanar da mai unguwa ko jami'in lafiya. Akwai hukumar tarayya da ke kula da irin waɗannan kaya tun 2001.

Wani abin kuma, 'yar uwa, muna tsoron na nesa mun bar na kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida, na itace da kara da gawayi, yana kashe mutum wajen miliyan 3 a duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Hatsarin tashoshin nukiliya duka, tun da aka fara su, bai kama ƙafar wannan ba. Kaskon gawayin da muke shiga da shi ɗaki da hunturu mu rufe ƙofa da taga, da janaretan da ake kunnawa a zaure, su ne masu kwantar da gida guda a dare ɗaya.

Yanzu mu koma kan mai tambayarmu ta Runka. Na'urar gashi tana aiko da tiririn ne daga waje, a saita shi daidai wurin ciwon, kamar yadda kike haska tocila a lungu. Da an kashe na'urar, babu abin da ke saura a jikin mutum, kamar yadda haske ba ya maƙalewa a bango in an kashe tocila. Sababbin na'urorin ma babu wani ma'adini a cikinsu, da wutar lantarki suke haɗa hasken. Yayarki za ta fito ta ɗauki jikanta, ta yi girki, a ci da ita a kwano ɗaya, a kwana da ita a ɗaki ɗaya. Akwai wasu nau'o'in magani daban, kamar wanda ake sha don ciwon maƙogwaro, da ake ce wa mutum ya ɗan nisanci yara na 'yan kwanaki, amma wannan likita ne zai faɗa da bakinsa, kuma ba shi aka rubuta mata ba.

Sunan gashi ma yana ƙara tsorata mutane, sai a ɗauka wuta ake sa wa mutum kamar tsire. Ba a jin zafi lokacin da ake yi, 'yan mintoci ne a kwance, yawanci kwana biyar a mako. Abin da zai iya biyo baya shi ne gajiya, fatar wurin ta yi duhu ko ta yi ƙaiƙayi kamar ƙunar rana, kuma yawanci yana lafawa bayan an gama. In a mara za a yi, kamar na dajin bakin mahaifa, yana iya taɓa haihuwa, wannan mace ta tambayi likita tun farko. Wajen rabin masu ciwon daji sukan buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu. Maganar nan da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son asibiti, ta sa mata da yawa sun zauna a ɗaki ana shafe-shafe har abin ya fashe, sannan a kai su lokacin da likita ba shi da abin yi, in sun rasu kuma a ce asibiti ne ya kashe su. Shi ciwon ba ya jira a gama shawara. Wata biyun nan da aka yi, an ba shi fili ne.

A da sai an je Shika ko Sakkwato ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar ta ragu ƙwarai. Duk da haka a koma wurin likitan da ya yi mata aiki da takardunta, shi zai faɗi inda za a je, a kuma yi waya a tabbatar na'ura tana aiki kafin a kama hanya, tun da mun san yadda hanyoyinmu suke. Kuɗi kam za a kashe, ba zan ce miki ba za a kashe ba, dangi su sa hannu.

Malam maigida, in kana kusa da rediyo, da kai nake, da girmamawa. Mu matan kulle ba ma fita sai da izininku, saboda haka lafiyar baiwar Allah nan tana hannunka. In maganata ba ta gamsar da kai ba, ka je da kanka ka zauna da likitan, ka tafi da ɗan uwan naka ma, ya yi duk tambayoyinsa a can. Ke kuma abokiyar zama, ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai sami 'ya'yanki. Makonnin da za ta yi tana zirga-zirga, ke ce za ki riƙe mata nata.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa za mu yi maganar yadda mace za ta duba mamanta da kanta a ɗaki, da irin ƙullutun da ya kamata a kai asibiti ba tare da jira ba. Mai tambaya ta aiko da saƙonta kamar yadda aka saba. 'Yar uwarmu ta Runka, muna jiran ki sanar da mu yadda aka yi. Ku huta lafiya.